Juji, Buhu da Leda: Waiwaye Kan Takin Gida a Ƙasar Madobi

A ƙasar Madobi, da sauran ƙauyukan da suka yi wa birnin Kano ƙawanya, an yi zamanin da ake gane ƙarfin gida tun daga waje, da ganin jujinsa. Mai son sanin ko gidan su wane za su ci da kansu har kaka ba sai ya nemi a buɗe masa rumbu ba, ya dubi tsibin da ke jikin danga kawai. In ya tarar ya yi tudu, baƙi wuluk, kaji na tono a gindinsa, to gidan akwai dabbobi a turke, akwai mata masu tashi da tsintsiya tun asuba, akwai kuma jakin da zai kwashe idan bazara ta yi. Juji yana da mai shi, ba a ɗibarsa sai da izini. Na taɓa ganin wa da ƙani da gandunsu ya watse bayan rasuwar mahaifinsu, sun raba gona da rumbu lami lafiya, amma sai da dattawa suka shiga tsakani a kan wanda zai kwashe jujin.

Abin da ya sa jujin wancan lokaci yake zama taki shi ne, kusan duk abin da ke cikin gida daga gona ko daji ya fito, don haka yana iya komawa can. Ƙwarya, faifai, tabarmar kaba, igiyar rama, zana, jinkar ɗaki, duk in sun tsufa ruɓewa suke yi. Ragowar abinci kuwa da wuya ta isa juji kai tsaye, sai ta biya ta cikin dabba tukuna. A hannun kakata na ga wannan tsari. Idan an surfa gero, dusar ta tumaki ce. Idan an wanke shi, ƙasarin na awaki ne. Ƙanzon tukunya a shanya shi, mai kyau a yi kwaɗo, wanda ya ƙone a jiƙa wa kaji. Ɓawon rogo da na dankali a busar a zuba wa akuya. Toka ma kashi biyu ce: ta karan gero a tace a sami ruwan toka na miya, sauran a kai juji. Yaron da ya watsar da ragowar tuwo a kwata zai jiyo muryarta daga cikin ɗaki: "Kai ɗan nan, rabon wani ka zubar, maza je ka kwaso!" Akuya take nufi, da gonar da za ta ci kashin akuyar.

Kullum safiya sai an share turke: kashin awaki, harawar da suka tattake, guntun karmami, da ƙasar da fitsari ya jiƙa. A haɗa da ganyen darbejiya da ƙaiƙayi a kai juji. Haka za a yi ta yi har shekara ta zagayo. Daga watan Maris zuwa Afrilu sai a ɗaura wa jaki mangala, samari su yi ta jigila, ana sauke takin tsibi-tsibi a gona, a bar shi sai an kusa shuka a baje. Ƙauyukan da suka fi mu kusa da birni suna da ƙarin gata, domin jakunansu kan shiga Kano da itace su fito da sharar birni, wadda a lokacin galibinta toka ce da kashin dabbobi. Mu da muke da ɗan nisa, bayan jujin gida sai shanun Fulani: bayan girbi a ba makiyayi dammunan dawa, ya kwantar da garkensa a gonarka na wasu kwanaki. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin gonakin kewayen Kano. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara, ba a barinta ta huta, amma ba ta mutu ba. Amsar tana cikin mangalar nan.

Sai ruwa ya zo. An gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974, aka jawo ruwanta ta manyan hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da ƙasashen Kura, Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ban-ruwan ya koma hannunta. Mutanen da suka saba da noman damina kaɗai, sai ɗan lambu a fadama da jigo, suka wayi gari suna girbi sau biyu a shekara: alkama da tumatur da albasa da rani, shinkafa da masara da damina. Samarinmu na Kwankwaso, Kafin Agur da Kubaraci da a da suke tafiya cin rani, da yawa suka koma neman aiki ko hayar fili a wajen maƙwabta. A wannan shekara ta 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, Shagari ya biyo da nasa shirin bunƙasa noma a 1980, takin zamani ya shigo da rangwame mai yawa. Kamfa, yuriya da sufa suka zama sunayen da kowane yaro ya sani. Da farko tsofaffi sun yi ɗari-ɗari da shi, suna cewa yana ƙona ƙasa. Da suka ga masarar maƙwabci ta yi kore shar cikin mako guda, sai bakinsu ya mutu.

Ban ga laifin wanda ya ajiye mangala ya ɗauki buhu ba. Duk wanda ya taɓa yinin jigilar taki a zafin bazara, ƙura a ido, ƙaya a ƙafa, ya san abin da buhu ɗaya a bayan keke ya sauƙaƙa. Kuma gonar da ake nomawa rani da damina tana cin abin da jujin gida ɗaya ba zai taɓa ƙosar da ita ba. Ba don takin zamani ba da Kura ba ta zama garin shinkafar da ake ji da ita a yau ba, da tumaturin Kadawa bai kai Legas ba. Gidajen bulo da babura da kujerun Makka da aka samu a yankin nan, kaso mai tsoka daga cikin buhun nan suka fito.

Amma akwai abin da ya zube a hanya ba tare da an lura ba. Takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya ƙara wa ƙasa jiki. Ƙasar yankinmu dama rairayi ya fi yawa a cikinta, kuma ruɓaɓɓen abin da ke cikinta a mafi yawan gonaki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ɗan ruɓaɓɓen abu shi ke riƙe laima, shi ke riƙe sinadarin taki kada ruwa ya wanke shi, shi ne kuma abincin tana da ƙananan halittun da ke sassauta ƙasa. Zafin ƙasarmu yana cinye shi da sauri, in ba a mayar ba ƙarewa yake yi. Shekaru suna tafiya, manoma suka fara wata magana da ba a san ta ba a da: gona ta saba da taki. Inda buhu biyu ke isa sai an sa uku. Ƙasa ta yi tauri, in ta bushe fartanya na tsalle a kanta. A gonakin tudu ƙuduji ya yi yawa, shi kuwa an san gajiyayyar gona yake bi. A wasu kwaruruka na noman rani, inda ruwa ke kwanciya, har farin gishiri ake gani a saman ƙasa. Duk da haka, da an gama girbin shinkafa sai a cinna wa tattakar wuta don a yi saurin gyara fili, kuma a bayan injinan casa na Kura tudun ɓuntu kan yi kwanaki yana cin wuta a hankali yana hayaƙi. Abin da ƙasa ke kuka da rashinsa shi muke ƙonawa a kanta.

Ni dai a ganina, abin da ya kashe juji ba buhu ba ne, leda ce. Ta shigo a hankali a shekarun 1980, ruwan leda ya biyo baya a shekarun 1990, daga nan komai ya koma cikinta: ƙosai, manja, gishiri, kunu, har tuwon sayarwa. Tsintsiya ba ta bambancewa, duk abin da ta tarar a tsakar gida tarawa take. Aka ci gaba da zuba shara a inda aka saba, sai dai yanzu rabinta ba ta ruɓewa. Na tsaya a wata gona da mai ita ya sayi tifa guda ta sharar birni aka juye masa. Daga nesa baƙa ce mai kyau. Da aka fara bajewa sai ga leda ta kowane launi, ga mataccen batir, fasasshiyar kwalba, robar lemo, tsumma, har sirinji da allurarsa. Yara ne aka sa suke tsincewa da hannu, ba takalmi ba safa. Mai gonar ya ce da ni, "Malam, ko a haka ta fi babu." Bayan shekaru, in ka bi kunyar gonar, ledar tana nan tana leƙowa, saiwar dawa ta nannaɗe ta. Mahauta kuma su ne shaida kan abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu.

Da juji ya koma bola, sai mutuncinsa ya zube. Ya zama abin kunya a ƙofar gida, abin da ake cinna wa wuta da yamma ko a tura kwata ruwan sama ya tafi da shi. Gidaje suka koma siminti har tsakar gida, amare da yawa ba sa son kiwo, murhun itace ya fara ba gawayi da gas wuri, jakuna suka yi ƙaranci. Yaran da aka haifa bayan haka sun taso sun tarar ɓawon kankana da ruɓaɓɓen tumatur ƙazanta ne kawai, taki kuwa abu ne da ake bin layi a saya.

Tsada ce ta dawo da mu. A 1997 gwamnati ta janye hannunta daga rangwamen taki, aka dawo da wani kaso a 1999, aka yi ta fama da 'yan tsakiya. A 2012 aka zo da tsarin aika wa manomi saƙo ta waya ya je ya karɓa. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka ce buhun kamfa naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, aka cire tallafin man fetur a 2023, naira ta faɗi, buhu ya haura naira 30,000. Yau kashin kaji a buhu ake sayar da shi, manoman tumatur da albasa har kuɗi suke bayarwa tun kafin a share gidan kajin. Mai turken shanu ya san abin da ke ƙarƙashin shanunsa kuɗi ne. Abin da ba mu dawo da shi ba shi ne na cikin gida, wato sharar tsakar gida da ragowar madafa, alhali su ne ba a saya.

Sai dai komawa ga jujin kakanni yadda yake ba zai wadatar ba, domin shi ma yana da nasa aibin. A fili yake, rana na dukansa, ruwan sama na wanke shi, ƙarfinsa da yawa yana tafiya a iska. Ba a juya shi, don haka sai ya shekara bai gama ruɓewa ba, kuma irin ciyawa yana nan da ransa a ciki, ka kai gona ka shuka wa kanka aiki. Gyaran da ake buƙata kaɗan ne, kuma na ga wata gwaggona tana yinsa a bayan ɗakinta ba tare da ta sayi komai ba.

Rami ta sa aka haƙa mata a inuwar darbejiya, zurfinsa zuwa gwiwa, faɗinsa kamu biyu, da wani irinsa a gefe. A ƙasa ta shimfiɗa guntayen kara don iska ta samu hanya. A kai ta zuba busasshen abu: ganye, ƙaiƙayi, tattaka. Sannan ɗanye: ɓawon albasa da na lemo, ruɓaɓɓen tumatur, ganyen kabeji, tsinken alayyahu, ciyawar da aka cire ba ta yi 'ya'ya ba. Sannan sharar turke, da ɗan barbaɗin toka da ƙasa. Ta yayyafa ruwa, ta sake wani jerin, busasshe ya ninka ɗanye biyu ko uku, har ramin ya cika ya yi tozo, ta rufe da tsohuwar tabarma. Kusa da murhu tana da tsohon bokiti mai murfi, duk abin da ya fito daga yankan kayan miya nan yake shiga, leda kuwa tana da nata buhun daban a rataye. Ruwan da take yayyafawa na ɗaurayar kwanuka ne da na wankin shinkafa, ba mai sabulu ba.

A tsakiyar tsibin ta soka sanda. Na ce, "Gwaggo, wannan fa?" Ta ce, "Zaro ka taɓa." Na zaro, sai na ji ta da zafi da danshi, wani siririn tururi yana fita ta ramin da ta bari. Ta ce in sanda ta fito da zafi, taki na dahuwa. In ta fito a bushe da fari-fari, yana son ruwa. In ta fito da sanyi da wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye a juya. Ta damƙi kaɗan ta matse a hannu: ya dunƙule, amma ruwa bai ɗiga ba, ta ce haka ake so. Abin da masana ke faɗa ke nan da nasu ma'aunin. Ƙananan halittu ne ke cin tarin, numfashinsu ke kawo zafin, wanda kan kai digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafi shi ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Busasshen abu ne ƙarfinsu, ɗanye da kashin dabba ne ke sa su yaɗu, iska da laima kuma su ne rayuwarsu. Shi ya sa bayan mako biyu ko uku Gwaggo take kwashe tarin ta juye a rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙi, lallausa, ƙamshinsa irin na ƙasar da ruwan farko ya daka, ba ka iya gane abin da aka zuba.

Akwai abin da ba ta yarda ya shiga: nama, ƙashi, miya mai maiƙo, domin su ke kiran ɓera da ƙuda da kare. Haka kashin kyanwa da na kare, ƙunzugun yara na zamani, batir, da duk shukar da cuta ta kama. Toka kaɗan ake sawa, in ta yi yawa tana korar ƙarfin takin. Ɓuntun shinkafa kuwa taurin kai gare shi, ba ya ruɓewa da wuri, gara a fara shimfiɗa wa kaji ko dabbobi su tattake shi su jiƙa shi kafin ya shiga rami.

Kada a yaudari kowa da cewa ramin bayan ɗaki zai maye gurbin buhu. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Takin gida kuwa abin da ke cikinsa bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, sai ka tara tan ɗaya ko biyu kafin ka kamo buhu guda. Mai hekta ta shinkafa a Bunkure ba zai rabu da kamfa da yuriya ba. Amfanin takin gida a wani wuri yake: shi ke sa abin da ka saya da tsada ya zauna a gindin shuka maimakon ya bi ruwa, shi ke sa ban-ruwa ya daɗe, kuma aikinsa ba ya ƙarewa a shekara ɗaya. Manoman da ke haɗa biyun su ne za su gaya maka bambancin. In kuma takin kaɗan ne, ba dole sai an baje shi a gona duka ba. Manoman Tawa a Nijar suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba cikin tafin hannu na taki a kowanne, su shuka a ciki. Da irin wannan dabara Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, ya mai da fako daji. Mu da muke da ruwan Tiga a kusa ba mu da hujjar da za mu ce namu ya yi kaɗan. Ko a cikin gida, rami ɗaya ya isa ya riƙe zogale, yakuwa, kuɓewa da tattasai a tsofaffin buhuna, a huta da sayen kayan miya na wasu watanni.

Wurin da nake ganin maganar za ta tsaya ko ta tafi shi ne hannun mata. Su ke yanka kayan miya, su ke shara, su ke kula da awaki. In ba a raba leda da ɓawo tun a bakin murhu ba, babu mai iya raba su a gona. Wannan kuwa ƙarin aiki ne a kan wanda ya riga ya yi musu yawa, kuma a da can ma su ke tarawa, maza su kwashe, ba ko sannu. Maigidan da zai iya ba mai gidan kaji kuɗi tun kafin ya ga kaya, ya kamata ya iya sayen takin matarsa da farashin da ake sayarwa a waje, ko ya ware mata kunyoyi a gonar da aka zuba shi. Ranar da mace ta ga ramin nan yana kawo mata kuɗi kamar yadda ƙuli-ƙuli da kiwon kaji ke kawowa, ba sai an yi mata wa'azin tsafta ba. Malaman gona na KNARDA, hukumar raya noma ta jihar Kano, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su ma su shigar da wannan cikin abin da suke koyarwa, su kuma yi wa manoma magana kan ƙona tattaka, a kai darasin har makarantun Islamiyya na matan aure, domin can ne masu aikin suke.

Mai niyya kada ya jira bazara. Lokacin farawa shi ne da an gama girbi, sa'ad da kara da ganye da ƙaiƙayi suke ko'ina a banza. Wanda ya cika raminsa a watan Nuwamba zai kwashe a Fabrairu, ya sake cikawa, ya sami kwasa ta biyu kafin shukar watan Yuni.